Tambaya da Amsa: Tara Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe

Wasiƙun wannan karo duk a kan abu guda suka taru, wato tara tsofaffin kuɗin ƙarfe da waɗanda ake bugawa don tunawa da wani biki. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita wasu.

TAMBAYA: Na gaji gwangwani cike da tsofaffin sulalla da kwabbai daga wurin kakana. Duk sun yi baƙi. Da me zan wanke su su yi ƙyalli kafin in nuna wa masu saye?

AMSA: Allah Ya jiƙan kaka. Amma Malam, kada ka wanke su. Lemun tsami, toka, man goge ƙarfe, man goge haƙori, soson waya, duk ka nisanta su da gwangwanin nan, kada garin neman gira a rasa ido.

Ga dalili. Lokacin da injin ya danna hatimi a kan ƙarfen, fuskar kwandalar takan samu wasu siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa a kanta idan an juya ta. Goga ɗaya ta isa ta share su, kuma ba sa dawowa. Abin da zai maye gurbinsu shi ne ƙananan karce masu bin hanya ɗaya, waɗanda duk mai saye zai gani da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Shi kuma baƙin nan da ya dame ka, a kan azurfa sinadarin farar wuta da ke cikin iska ne ya haɗu da ƙarfen, a kan jan ƙarfe kuma wata fata ce ruwan ƙasa da ke kare shi. Masu tarawa suna son wannan launi, shi ne shaidar ba a taɓa kwandalar ba. Idan aka ci shi da tsami, jan ƙarfe yakan koma wani ja-ja mai kama da ruwan hoda, wanda daga nesa ake gane an yi masa wanka.

Abin da aka yarda da shi kaɗan ne. In ƙasa ce ta manne, a jiƙa a ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a riƙa canja ruwan kullum har ƙasar ta saki da kanta. In maiƙo ne ko danƙon salatif, a tsoma a tsantsar asitan (acetone, sinadari mai narkar da maiƙo) na minti 5 zuwa 10 a cikin kwalba mai murfi, a ɗauraye da sabon asitan, a bar ta ta bushe da kanta. Ba na goge farce ba, shi akwai mai da turare a cikinsa. Asitan yana kama wuta nan da nan kuma yana narkar da roba, don haka a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da murhu. Ko a nan ma ba a cuɗawa. Kwandala a gefenta ake riƙe ta da yatsa biyu, domin gumin hannu yana da gishiri, kuma zanen yatsa kan zauna a jikin ƙarfe har abada.

TAMBAYA: Ina da wata kwandalar tagulla mai kauri, da tauraro mai tsini 6 a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma an rubuta 1288. An ce mini ta haura shekara 700. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Malama. Yadda kika siffanta ta, fulus ɗin Maroko ce da aka yi ta hanyar zubi, kuma 1288 shekarar Hijira ce, sai dai an rubuta ta da lambobin boko, abin da ke ruɗa mutane ke nan. Lissafin mai sauƙi ne: ki ninka shekarar Hijira da 0.97, ki ƙara 622. Zai ba ki 1871. An zuba irinsu da yawa ƙwarai, ba su da wuyar samu, amma abin ajiyewa ne mai kyau.

Tun da mun shigo maganar shekaru, kuɗin Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun fi wannan ruɗani, domin lamba biyu suke ɗauke da su. Babbar ita ce shekarar da sarki ya hau mulki, ƙaramar kuma shekara ta nawa yake a kai. Idan an ga 1293, hawan Sarki Abdulhamid na Biyu ke nan a 1876. In akwai 20 a ɗaya fuskar, sai a haɗa 1293 da 20 a cire 1, a samu 1312, wato wajen 1894 zuwa 1895. Iran ta zamani da Hijirar rana take aiki, a nan 621 ake ƙarawa ba tare da ninkawa ba. Kalandar Habasha tana bayan ta Miladiyya da shekara 7 zuwa 8, ta Tailan kuma tana gaba da 543.

TAMBAYA: Wani ya kawo mini babbar azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780. Yaya zan tabbatar azurfa ce, kuma da gaske ta 1780 ce?

AMSA: Wannan liyarin Maria Theresa ne, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. 'Yan kasuwa a Larabawa da Habasha da sauran sassan Afirka sun amince da shi har ba sa son a canja masa komai, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya. An buga shi a Biyana, an buga a Landan, Paris, Rum, Brussels ta Beljiyam da Bombay, kuma Ostiriya ba ta daina ba har yau. Saboda haka 1780 ba ta gaya maka komai game da shekarunsa. Mafi yawan waɗanda ke hannun mutane na ƙarni na 19 da na 20 ne, darajarsu tana bin nauyin azurfar da ke ciki.

Batun ko azurfa ce, kada ka dogara da ido ko da bakin mai sayarwa. Awo za ka yi, kuma kayan awon uku ne: sikelin dijital mai nuna 0.01 na giram, ma'aunin faɗi da kauri, da maganaɗisu mai ƙarfi.

Liyari na gaskiya giram 28.07 ne, faɗinsa wajen milimita 40, azurfar cikinsa kashi 833 cikin 1000. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma in ka ga giram 24 ko 25, mayar masa da kayansa. Sai ka kara masa maganaɗisu. Azurfa ba ta kamawa. Ka karkata liyarin ka saki ƙaramin maganaɗisun a kansa, a kan azurfa a hankali zai zame kamar ana riƙe shi. Sai dai jan ƙarfe ma yana yin haka, don haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na ruwa. Ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli, ka mayar da shi sifili. Ka ɗaura liyarin da siririn zare, ka zura shi ya nutse duka ba tare da ya taɓa ƙasa ko gefen kofin ba. Lambar da sikeli ya nuna, da ita za ka raba nauyin liyarin. Na gaskiya zai nuna wajen giram 2.75, in ka raba 28.07 da shi ka samu 10.2. In garwayen jan ƙarfe da nikel ne aka shafa wa azurfa, sikeli zai nuna wajen 3.15, amsa ta fito 8.9. Kurakuran da ake yi a nan biyu ne: kumfar iska ta maƙale a jikin kwandalar, ko a yi amfani da zare mai kauri da ke shan ruwa. Kowannensu yana ƙara lambar, ya sa azurfa ta gaskiya ta fito kamar jabu. Ka maimaita sau 3, sannan ka tsane ruwan da kyalle mai laushi ba tare da gogawa ba.

Daga nan ka duba gefe. Na gaskiya yana da rubutu mai tudu a gefensa, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Jabun da aka zuba a kwarami yakan nuna siririn layi a tsakiyar gefen inda ɓari biyu suka haɗu, haruffansa sun yi dakushi, fuskarsa da ƙananan ramuka na kumfa. Wasu sukan kankare gefe ko su ɗiga asid don gwaji. Wannan aikin maƙera ne masu narkarwa, mai tarawa ba ya yin sa.

TAMBAYA: Kwandalolin tunawa da bukukuwa, irin na Olamfik ko na cikar shekarun wata ƙasa, suna yin tsada nan gaba? Ina so in saya wa 'ya'yana.

AMSA: Hajiya, wasu suna yi, yawancinsu ba sa yi. Abin dubawa shi ne guda nawa aka buga. A 1965 Ingila ta buga babbar kwandala ta tunawa da Winston Churchill sama da miliyan 19, ba azurfa a cikinta, kowa kuma ya ɓoye tasa, shi ya sa har yau ba ta yi wata daraja ba. A 2009 ƙasar ta fitar da fam rabi mai hoton hasumiyar lambun Kew, guda 210,000 kacal suka shiga hannun jama'a, ita kuma ana neman ta ruwa a jallo. A ƙasashen yuro tun 2004 ake buga yuro 2 na tunawa, Girka ce ta fara da na wasannin Olamfik na birnin Atan. Mafi yawansu yuro 2 ɗin dai suke, amma wadda Monako ta buga a 2007 da hoton Gimbiya Grace, guda 20,001, ta yi nisa.

Tsufa ma haka yake. Edward na Takwas bai cika shekara a kan gadon Ingila ba, amma kwabo mai huji na Afirka ta Yamma mai sunansa, na 1936, an buga shi da yawa, bai da wuyar samu. Kwabon Ingila na 1933 kuwa, waɗanda aka sani ba su kai 10 ba.

Ki kuma bambanta kwandala da lambar ado. Kwandala tana da sunan ƙasa da adadin kuɗi. Abin da ake tallatawa cikin akwati mai kyau da takardar shaida, an shafa masa ruwan zinari, ba sunan ƙasa ba adadi, kamfani ne ya buga shi, kuma ruwan zinarin bai kai a auna ba. A ganinmu, ki saya don yaran su koyi tarihi da ƙasashe. In riba ta zo, ta zo.

TAMBAYA: Na jera nawa a albam mai aljihunan leda. Yanzu wasu sun yi kore-kore mai danƙo. Mene ne wannan?

AMSA: Ledar ce ta ci su. Leda mai laushi ta PVC tana da sinadarin da ke sa ta lanƙwasuwa, zafi da laima sukan fito da shi, ya zama asid a kan ƙarfen. Ka fitar da su yau, ka yi musu wankan asitan da muka bayyana a sama, ka jefar da albam ɗin. In an yi da wuri danƙon zai fita, in an daɗe za ka tarar da ramuka a ƙarƙashinsa.

Akwai wani koren da ya fi wannan muni. Idan ka ga garin kore mai haske yana tasowa a kan jan ƙarfe ko tagulla, yana zuba in an taɓa shi da tsinke, gishirin kuloraid ne ke aiki da laima, kuma ba ya tsayawa sai ya huda ƙarfen. Ka ware wannan kwandala. Ka cire garin da tsinken itace, ka jiƙa ta a tataccen ruwa na makonni kana canjawa, ka busar da ita sosai. Koren da ya yi tauri, ya yi santsi, mai duhu, shi ba ciwo ba ne, a ƙyale shi.

Ma'ajiya mai kyau ita ce kwali mai inci 2 kowane gefe da tagar Mylar (wata siririyar leda da ake ganin abin da ke cikinta), ko ƙaramin gwangwanin roba mai tauri daidai faɗin kwandalar. In ka rufe kwalin da fil ɗin sitefila, ka danne fil ɗin da filaya ya kwanta, in ba haka ba shi zai karce maƙwabciyarta. Kada robar ɗaure kuɗi, ulu, jarida ko ambulan na yau da kullum su kusance su, duk suna fitar da farar wuta. Ka sa ƙunshin silika mai shan laima a akwatin, ka riƙa busar da shi.

TAMBAYA: Ni sabon shiga ne. Ta ina zan fara?

AMSA: Ka zaɓi fanni ɗaya: ƙasa ɗaya, sarki ɗaya, ko kuɗi iri ɗaya shekara bayan shekara. Mai tara komai ba ya sanin komai sosai, shi ake sayar wa jabu. Ka koyi shekarun da ƙarfe ya canja. Sulallan Ingila azurfa ce kashi 925 cikin 1000 har 1919, ta koma rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu ita sam. A Amurka senti 10 da senti 25 azurfa ce kashi 90 cikin 100 har 1964. Ka riƙa neman ƙaramin harafin gidan da ya buga, kamar H na kamfanin Heaton da KN na King's Norton, dukansu a Birmingham, domin harafi ɗaya yakan raba mai yawa da mai wuyar samu a shekara guda.

Lafiyar kwandala ana auna ta da ma'aunin Sheldon, daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin ba ta taɓa yawo a hannu ba. Wurare masu tudu ake fara dubawa, gashi, kumatu da kambi, a nan cinyewa ke fara bayyana. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna tantancewa su rufe a roba, amma kuɗin aikin yakan fi darajar kwandala ta yau da kullum, sai mai tsada ake kai musu. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta ƙasa, shekara, harafi, nauyi, faɗi da inda ka samo kowace. Kafin ka sayi tsohuwa wadda aka tono daga ƙasa ko ka fita da ita waje, ka binciki dokar kayan tarihi ta ƙasar, domin ƙasashe da yawa sun hana fitar da su ba tare da izini ba.