Tambaya da Amsa: Wai a ina tsakiyar gari ta tsaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina bin labaran wasu biranen Amurka sai na ga 'yan majalisar birni suna ta cacar baki wata da watanni a kan inda za a ja iyakar tsakiyar gari, wai don a ba masu gine-gine rangwamen haraji. Ni dai abin ya ɗaure min kai, tsakiyar gari ai kowa ya san ta, meye na faɗa a kan layi a taswira? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai layin nan kuɗi ne tsagwaronsa, shi ya sa ka ga jijiyar wuya ta tashi. Titi ɗaya ne fa, mai fili a hannun dama ya faɗa cikin layi an sauƙaƙa masa haraji na shekaru, na hannun hagu da ke kallonsa ta taga yana biya cif-cif, to ka ce ba zai je majalisa ya yi ta buga tebur ba?

Wanda aka fi yin rigimar a kansa shi ne tsarin da suke kira TIF, a jihar Kalifoniya aka fara shi a 1952. Yadda yake, za a zagaye unguwa da layi, a ƙiyasta darajar gidaje da filayen ciki a ranar, harajin da ke shiga asusun kowa da kowa ya tsaya cak a wannan matakin, duk ƙarin da aka samu daga baya saboda wurin ya yi daraja sai a zuba shi a wani asusu daban na gyaran wannan unguwa kaɗai, tituna, fitilu, wurin ajiye motoci, wani lokacin ma a miƙa wa mai ginin kai tsaye. A jihar Ilinoi shekara 23 ake yi a haka. Makarantun gwamnati da 'yan kwana-kwana kuwa da harajin gidaje suke rayuwa, kenan duk tsawon shekarun nan ƙarin ba ya isa gare su.

To a nan gizo ke saƙarsa. Idan unguwar da ta mutu murus aka zagaye, wadda ba mai ko leƙa ta, ba a cuci kowa ba tunda dama ƙarin ba zai samu ba. Amma in aka ɗan karkata layin ya haɗiye wurin da dama can yana tashe, an kwashe kuɗin da da ma zai shigo ne aka canja masa aljihu. A Shikago a 2006 an sa titin LaSalle cikin irin wannan tsari, titin bankuna da manyan ofisoshi fa, mutane suka yi ta tambaya wai ta ina wannan ya zama lalataccen wuri, tunda dama don irin waɗannan wurare aka yi tsarin. Ita kanta Kalifoniyar da ta ƙirƙiro abin, a 2011 zamanin gwamna Jerry Brown ta yi doka ta rushe hukumomin da ke gudanar da shi, wajen guda 400.

Akwai kuma matsalar maƙwabta. A Ingila an fara yankunan rangwamen haraji a 1981, shekara goma ba harajin wurin kasuwanci. Kusa da garin Dudley aka gina katafariyar kasuwar Merry Hill a cikin yankin rangwamen, sai manyan shaguna suka tattara daga tsakiyar Dudley suka koma can. A takarda an samar da ayyuka, a zahiri da yawansu ƙaura kawai suka yi.

Wani abin ma dariya zai ba ka. Hudson Yards a Niyok, gini na masu hannu da shuni, ya samu kuɗin masu zuba jari ta shirin biza na EB-5, wanda ke ba baƙi masu zuba jari takardar zama a Amurka, da sassauci in sun zuba a yankin da rashin aikin yi ya yi yawa (wannan ba haraji ba ne amma dabarar ɗaya ce) bayan an ja layi ya ratsa ta filin shaƙatawa na Central Park har ya taɓo gidajen talakawa a unguwar Harlem, don lissafin marasa aikin yi ya cika.

Ni dai a ganina layi ƙarami mai wa'adi ya fi, kuma duk ginin da ake son sakawa a fara tambaya, in babu rangwamen nan za a yi shi ko ba za a yi ba?

TAMBAYA: Malam, to me zai hana a faɗaɗa layin kowa ya shiga a huta? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, in kowa ya shiga ai babu sauran abin da zai ja mai kuɗi zuwa unguwar da ta fi buƙata, zai zaɓi inda riba ta fi ne kawai. Ko a dokar Amurka ta 2017 da ta kawo Opportunity Zones, wato yankunan da ake rangwanta wa masu zuba jari haraji, kashi 25 cikin 100 na unguwannin masu ƙaramin ƙarfi aka yarda kowane gwamna ya zaɓa a jiharsa, aka tashi da wajen 8,700 a ƙasar baki ɗaya, kuma duk da haka sai da aka yi ta ƙorafi cewa wasu gwamnonin sun zaɓo wuraren da tuni an fara manyan gine-gine a cikinsu.