Mai jan ƙafa daban, wanda ya saki hanya daban

Kai yaro, wai ɗalibanka 'yan Tailan masu koyon Turanci na cakuɗa stray da fall behind, in turo maka jerin kalmomi ka kwafa musu a allo. Ku 'yan yanzu komai sai a turo muku a waya. Ma'anarsu ai tana ƙamus, ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Abu ɗaya za ka dasa musu a ka. Wanda ya yi fall behind, ko lag, ko straggle, yana kan hanya, ƙafa ce kawai ta yi nauyi, jira ake yi ya iso. Wanda ya yi stray ko wander off ya ɓalle ne kamar akuyar da ta bar garke, wannan fita nemansa ake yi. Su kansu a yarensu sun raba, long thang shi ne ɓatan hanya, tam mai than shi ne kasa cim ma na gaba, to daga nan za ka kamo su.

Wallahi tambayar nan taka ta tayar min da tsohon miki. Akwai wani kamfanin yawon buɗe ido a Bankok da ya ba ni kwangilar koya wa masu rakiyar baƙinsa Turanci, ka san dokar ƙasar ta hana baƙo wannan aikin, sai ɗan ƙasa, mu namu koyarwa ce. Wata uku muka yi, mai kamfanin ya ba ni kuɗin wata ɗaya wai sauran sai an gama. Na ce masa a bar ni in fita da su fili ko kwana biyu ne, ya ce asarar mai ce, aji ya isa. Rannan suka kai baƙi Ayuttaya, wajen tsofaffin haikalan nan na jan bulo, tafiyar kamar kilomita 80 daga Bankok, sai wani tsoho da matarsa suka bi wata kwana suna ɗaukar hoto suka ɓace. Matar da ke jagorantar tawagar, Baturiya, ta tambayi yaron da ke musu rakiya, ɗalibina, ina mutum biyu, ya ce mata fall behind, yana murmushi. Ta ce to a jira. Aka zauna cikin bas, na'urar sanyi na aiki, babu wanda ya taka ƙafa ya je nema, fiye da awa ɗaya, su kuwa suna can cikin ranar watan Afrilu ba ruwa a hannu, har matar tsohon ta yanke jiki ta faɗi.

Ka san wa aka ɗora wa? Ni. Mai kamfanin ya dube ni ido cikin ido ya ce koyarwata ce ba ta da kyau, ya haɗiye kuɗina na wata biyu, ko bat ɗaya, kuɗin ƙasar, ban gani ba, har yau in na wuce layin ofishinsa sai na ji zuciyata na tafasa. Shi da ya hana ni fita da su!

Kuma kar gyaɗa kai ya ruɗe ka. Suna da abin da suke kira kreng jai, kara ce irin tamu, ɗalibi ba zai ce wa malami bai gane ba. Ga harshe kuma, stray a bakinsu sa-tre ne, fall ya koma fon, lag ya zama lak, in ba ka saba ba kai ma ka ɓata. Stray dog, wato karen titi, dai sun sani, karnukan na kwance a kowane lungu, fara da shi.

Ran Asabar ka kwashe su zuwa kasuwar Chatuchak ta Bankok, ka sa ɗaya ya riƙa jan ƙafa a baya, wani kuma ya sulale cikin layin masu tufafi, sauran su kira ka a waya su faɗa maka da Turanci wane ne ya yi me. Wanda ya cakuɗa shi zai shiga nema da ƙafarsa.