A kan me ake gwada na'urar ji da ake dasawa a kunne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ji ana dasa wata na'urar ƙara ji cikin kunne da tiyata. To a kan wa ake gwada ta kafin a kai ga buɗe kunnen mutum?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Zuciyar irin wannan na'ura wani ɗan mitsitsin inji ne mai jijjiga. Na wata na'ura mai suna Vibrant Soundbridge, wadda aka fara dasawa a Zurik a 1996, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Aikinsa shi ne ya girgiza ƙananan ƙasusuwan da ke bayan dodon kunne, ko ya girgiza ruwan da ke cikin katantanwar kunne, wato sashen can ciki mai siffar katantanwa, ta wata 'yar taga mai siririyar fata.

Gwajin da aka fi yarda da shi, da ƙashin kunnen mamatan da suka ba da jikinsu don bincike ake yin sa. A maƙala injin, a haska leza kan ɗan ƙashi mai kamar likkafa daga cikin ƙasusuwan bayan dodon kunne, a auna motsinsa, wanda da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, ake lissafa shi. Sai dai ƙashin mamaci wuyar samu gare shi, yana bushewa ana cikin aiki, kuma na wannan bai zama ɗaya da na wancan ba. In sakamako ya bambanta, injin ne ko ƙashin?

Shi ya sa ake ƙera katantanwar roba. Ta gaskiya a naɗe take zagaye biyu da rabi, in an miƙe ta kamar milimita 35. Samfurin kuwa yawanci a miƙe ake yin sa: ɗan bututu cike da ruwa, an raba shi gida biyu da fallen roba, siriri mai tauri a gindi, mai faɗi da laushi a ƙarshe. Sauti mai kaifi a gindi yake kaɗa fallen, mai kauri kuma can ƙarshe. Dabarar tsohuwa ce. Da irinta masanin kimiyya Georg von Békésy ya nuna yadda motsi ke tafiya a katantanwa, har ya ci kyautar Nobel a 1961.

Ni abin da nake so da samfurin shi ne haƙurinsa. Ka sa inji goma ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara matsi, ka sassauta, ka karkata shi kaɗan, gobe ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. A nan ake gane cewa zaman injin a kan tagar, ya matsu ko ya yi sako-sako, na iya sauya ƙarfin sautin ƙwarai.

Amma roba ba ta warkewa, ba ta yin tabon da zai riƙe injin ko ya danne shi bayan watanni, ba ta da ƙwayoyin gashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi a kunne mai rai. Don haka injin da ya yi kyau a samfuri sai ya wuce ta ƙashin mamaci, sannan a gwada shi a kan marasa lafiya 'yan ƙalilan da suka amince, ana bibiyar jinsu.