Muryar amsa: ina za a kai yara a wannan hutun na bazara?

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da war haka. Ya zafi, ya yara? Ƙanwata, na saurari muryarki tun jiya, kina cewa an ba yara hutun zango na biyu, sun cika gida, daga waya sai talabijin, in an ɗauke wuta kuma sai faɗa, kina tambayar inda za ki kai su a nan Kano ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. To bari in amsa miki a nan guruf, don na san ba ke kaɗai wannan abu ya dama ba.

Kafin a zo maganar wuri, a fara da lokaci. Watan Afrilu muke ciki, zafi yana kai digiri 40, wani lokaci har ya haura. Don Allah kar wadda ta fita da yaro tsakar rana. Ku fita bakwai na safe, kafin sha ɗaya kun dawo gida, ko kuma ku bari sai bayan la'asar. Ki zaɓi ranar Alhamis, tunda yawancin islamiyyoyi ba sa karatu ranar, ba sai yaro ya rasa hadda saboda yawo ba.

Ni dai in za ki ji tawa, ki fara da cikin birni. Yaranmu an haife su a Kano, amma da yawansu ba su taɓa taka dutsen Dala ba, ba su san karofi ba, abin da suka sani sai manyan kantunan Zoo Road. Wallahi abin yana damuna.

Ki kai su karofin Ƙofar Mata, nan kusa da asibitin Murtala. Tun shekarar 1498 ake rini a wurin nan, kuma har yau da baba da toka ake haɗa ruwan. Ki roƙi wani dattijo cikin marinan ya tsoma ƙyalle a gabansu. Ki sa su zuba ido sosai: in ya ɗago ƙyallen daga ramin, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi, a gaban idonsu ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, shuɗin yana ƙara duhu. Ki nuna musu hannunsa yadda baba ya kama har farce. In akwai masu bugu a kusa, su tsaya su ji yadda ake dukan shadda a kan gungume har ta yi ƙyalli. Yaron da ya ga wannan, in malamin kimiyya ya zo yana bayanin iska a aji ba zai sha wahalar ganewa ba, gani ai ya kori ji. Amma ki riƙe ƙananan da kyau, ramukan suna da zurfi kuma a buɗe suke. Sannan in kun gama, ki sayi ko ɗan kwali ɗaya ne, ko ki yi wa dattijon ihsani, sana'arsu ce, kuma kin tsayar da shi.

Daga nan Gidan Makama ba nisa, yana daf da gidan sarki. Gini ne na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi na da, da hotunan zuwan Turawa Kano a 1903. Soraye ne na ƙasa masu kauri, ciki da sanyi, shi ya sa nake so ya zama zangonku na ƙarshe in rana ta fara ɗagawa. Ki nemi mai yi wa baƙi bayani, kar ku yi ta wucewa kawai kuna ɗaukar hoto.

Dala kuwa ki ware mata ranarta daban, da sassafe. Akwai matakala har sama, amma wanda bai kai shekara biyar ba a bar shi gida. In kun hau, ki nuna musu Goron Dutse, da koren tulluwar babban masallacin Juma'a, su nemi unguwarsu da kansu. A nan ne za ki ba su labarin mutanen da suka fara zama gindin dutsen, da jagoransu Barbushe, da yadda gari ya yi ta faɗaɗa.

Gidan zu na Audu Bako shi kam kowa ya san shi, tun farkon shekarun 1970 yake. Ƙananan yara suna son birai da jimina da zaki. Ki je tsakiyar mako, ban da ranakun cinkoso, kuma kar a bar yaro ya zura hannu cikin keji.

Yauwa, sai abin da ya fi tsaya mini a rai: ruwa. A irin wannan zafin ne samari ke sulalewa su tafi wanka kududdufi, kuma kowace bazara sai mun ji mummunan labari. Wata ta ambaci madatsar ruwa ta Tiga a guruf kwanaki. Wuri ne mai kyau, amma in babu manyan maza da za su tsaya a kan yaran, ni ban ba da shawara ba. Kuma lokacin sanƙarau ne, in yaro ya dawo da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Guzuri daga gida za ki yi. Ruwa mai yawa, zoɓo ko kunun aya a gora, ki yanka kankana, ga mangwaro ya shigo, a wanke shi sosai. Hula ga kowa.

Ranakun da ba fita, ki tura su gidan kaka bayan la'asar. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a yi tatsuniya da kacici-kacici, mata su yi carafke da gaɗa, maza su yi langa da dara. Babbar 'yarki kuma ta isa a koya mata tuƙa tuwo, wannan hutun ya ishe ta.

Maganar kuɗin mota, gida uku ko huɗu in muka yi karo-karo muka ɗauki bas ɗaya, ya fi sauƙi a kan kowa ta tari a-daidaita-sahu, kuma idon manya ya fi yawa a kan yara. Ni zan je karofi da Gidan Makama Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu. Wadda take so ta rubuta yawan yaranta a nan kafin Talata, in san girman motar da za a nema. A gaida maigida da yaran. Sai na ji ku.