Tambayoyinku: Baba na fama da ciwon ciki, yanzu kuma mantuwa ta shigo

TAMBAYA: Assalamu alaikum lokotoro, ni ɗiyarku ce daga Tahoua. Babanmu shekarunshi 74, ya daɗe da gyambon ciki, omeprazole kam kullum sai ya sha, ko ordinans babu yara ke sayo mishi, to yanzu sai ya yi sallah ya ce bai yi ba, ya aje kuɗi ya manta har ya zargi jikoki, tafin ƙafarshi ma ya ce ya mutu. Amininshi da ya girme shi ras yake. Dan Allah cikin ne ya taɓa kanshi ko gigin tsufa ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku yi saurin cewa tsufa ne, maganar ƙafar nan ita ta tsaya min a rai. Akwai bitamin B12 da ke cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono, jiki ba ya iya tsotse shi sai da ruwan tsamin ciki, shi kuma omeprazole aikinshi rage tsamin nan, in aka ɗau shekaru ana sha ga ciki dama ya tsufa, sai bitamin ya yi ƙasa, daga nan kasala, ƙarancin jini, mutuwar ƙafa da mantuwa su biyo. Metformin na masu ciwon suga ma yana haka. Ku kai shi babbar asibitin Tahoua a auna jini, in shi ne allura ake yi, amma in an jinkirta jijiya ba ta komawa daidai. A kuma yi gwajin ƙwayar cutar da ake kira H. pylori, ita ke kawo yawancin gyambo kuma tana da magani. Baƙin bayan gida ko rama kuwa ba a kwana da su. Haka in rikicewar ta zo rana ɗaya bayan zawo, ranar za a tafi.

Batun amininshi, ƙwaƙwalwa tana da ajiya kamar rumbu, wanda ya tara da yawa ya fi jure fari. A Amurka tun 1986 aka bi wasu mata 678 masu hidimar coci, bayan rasuwarsu aka tarar ƙwaƙwalwar wasu cike da alamun Alzheimer, ciwon da ke kawo gigin tsufa, alhali har ƙarshe hankalinsu garau. Karatu, yawan harsuna, sana'a mai sa tunani da cuɗanya da mutane ke tara ajiyar nan.

Shi ya sa abin ke min ciwo in na ga an killace tsoho a ɗaki wai kar ya ba da kunya. Ku bar shi ya fita fada, ya buga dara, ya yi tilawa da jikoki, ya riƙe lissafin cefane ko da za ku duba a bayanshi. A auna mishi hawan jini, a duba kunnenshi kuma, don rashin ji na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo mantuwa.