Me ya sa waƙar da nake ɗauka a ɗaki take fitowa kamar daga cikin rijiya?

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Shekarata 17, kuma wata takwas ke nan da na fara ɗaukar waƙa a ɗakina. Ina da tsohuwar laftof, da makirufo na kwandensa mai shiga ta USB, da hedfon, ina kuma haɗa kiɗa a FL Studio. In na ɗora murya a kan kiɗa sai ta fito kamar daga cikin rijiya. In na ƙara mata ƙarfi ta fashe, in na rage kiɗa ya cinye ta. A hedfon tana min daɗi, a waya kuwa ba ta sauraruwa. Na tara fulogin da yawa, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, ban ga canji ba. Yanzu ina tara kuɗi in sayi makirufo mai tsada. Shi ne maganin?

Amsa:

Ƙanena, ajiye kuɗin nan tukuna. Daga yadda ka kwatanta, muryarka tana lalacewa ne tun kafin ta shiga kwamfuta, a tsakanin bakinka da bangon ɗakinka. Makirufo mai tsada ɗakin nan dai zai ɗauko maka, sai ma ya ɗauko shi tas fiye da wanda kake da shi.

Ka gwada wani abu yau. Rufe ƙofa, ka tsaya a inda ka saba rera waƙa, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sannan ka kasa kunne ga abin da ya biyo bayan tafin. Idan ka ji wani siririn ƙara kamar na ƙarfe yana kaɗawa kafin ya ɓace, to ka ji rijiyar taka. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Bangon da ke mita ɗaya da rabi daga gare ka zai dawo da muryarka cikin makirufo a ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Saurin ya yi yawa har ba ka jin sa a matsayin amsa-kuwwa, sai ya cakuɗa da ainihin muryar, wasu sassanta su kumbura, wasu su kashe juna. Kai da kake cikin ɗakin ƙwaƙwalwarka tana tace maka wannan ba tare da ka sani ba. Makirufo kuwa duk abin da ya iso masa rubutawa yake yi, kuma da zarar ɗaki ya shiga cikin murya, fitar da shi sai an ji wa muryar ciwo. Tun ran gini ran zane.

Fara da duba ta ina kake rerawa. Yawancin makirufo irin naka ta gefe suke ji, wajen da tambarin kamfani yake. Na sha ganin yara suna rerawa ta samansa kamar na hannu, su yi wata da watanni suna ɗaukar ɗaki zalla. Daga nan sai tazara: taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, wato santimita 15 zuwa 20. Duk lokacin da ka raba tazarar biyu, muryarka tana ƙaruwa da kusan disibel 6 (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) a kunnen makirufo, ƙarar ɗaki kuwa tana nan inda take. Kada kuma ka manne masa baki, don muryar za ta yi kauri fiye da kima. Ka sa ragar tare iska a tsakani saboda haruffa irin su b da f, ka ɗan kautar da makirufon gefe kaɗan.

Ga wurin da mutane ke yawan kuskure. Irin wannan makirufo gabansa yake ji sosai, bayansa kuwa kusan kurma ne. Gabansa yana kallon ka, yana kuma kallon bangon da ke bayanka. Saboda haka bargo mai kauri a bayanka za ka fara ratayawa, ya wuce tsayin kanka, kuma in da hali ka bar ɗan fili tsakaninsa da bango. In kana da wadurof cike da tufafi, buɗe shi ka fuskance shi. Ka guji kusurwa, nan bes, wato sauti mai kauri, yake taruwa, ka kuma guji tsakiyar ɗaki daidai. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tsinana komai, siririn soso kuma sautin sama kaɗai yake sha, ya bar maka kaurin nan da ke damun ka. Dalili kuwa, zangon sauti mai 100 Hz, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, ya kai kusan mita 3.4, abu mai kaurin yatsa biyu bai isa ya tare shi ba. Kashe fanka kafin ka danna ɗauka, ka kuma nisanta laftof ɗin ta koma bayan makirufo, don ita ma fankarta tana shiga.

Sai maganar fashewa. A kwamfuta sauti yana da rufi, shi ne 0 dB a kan ma'aunin nan mai hawa da sauka. Duk abin da ya taɓa rufin a lokacin ɗauka an datse kansa, kuma ba ya gyaruwa. Kafin ka ɗauka, rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka daidaita maɓallin shigar sauti har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. Kada ganin zanen muryar ƙarami a allo ya tsorata ka, ƙara ta daga baya abu ne mai sauƙi. In na'urarka ta yarda, ɗauka a bit 24, da 44.1 ko 48 kHz.

Ka ce in ka ƙara murya ta fashe, in ka rage kiɗa ya cinye ta. Ina kyautata zaton kiɗanka ya riga ya cika har rufi kafin murya ta zo, ba inda za ta zauna. Kiɗan za ka saukar. Ja shi ƙasa da disibel 8 ko 10, ka ɗora muryar a kai, in abin ya yi maka ƙasa-ƙasa ka ƙara ƙarar hedfon ɗinka. Wannan kaɗai yakan warware rabin kukan masu farawa.

Game da manhaja ba zan ja ba. FL Studio ta ishe ka, kuma Fruity Parametric EQ 2 da Fruity Limiter da Fruity Reeverb 2 da suka zo a cikinta sun isa haɗa waƙa cikakkiya. Ka ajiye tarin fulogin nan, musamman na sata, waɗanda sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta suke zuwa.

In ka zo haɗawa, kada ka buɗe komai tukuna. Mayar da waƙar mono, wato hagu da dama su zama abu ɗaya, ka daidaita ƙarfin kowane layi da hannu har murya ta zauna, kana jin kowace kalma. Sai ikwalaiza, mai rage ko ƙara wani yanki na sauti: yanke abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz a murya, ba komai a can sai gurnani. In ta yi duhu, rage kaɗan tsakanin 200 da 400 Hz. Kalmomi suna fitowa fili ne tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, kuma ni na fi son in rage wannan yanki a kayan kiɗan da ke gasa da murya, kamar fiyano ko jita, a kan in yi ta ƙara wa muryar har ta riƙa sukan kunne. Kwamfuresa kuma aikinta ta danne wuraren da suka yi ƙarfi don muryar ta daidaita. Fara da saita ma'aunin dannewarta a 3:1, ka bari tana dannewa da disibel 3 zuwa 6. Amma ka lura, duk abin da ke ɓoye a bayan murya tana ɗago shi, har da ɗakin da muka yi magana a kai. Amsa-kuwwar ado ita ce ta ƙarshe: ƙara ta har ka ji ta, sannan ka ɗan rage. Duk abin da ka sa, ka kashe shi ka kunna a ƙarfi iri ɗaya ka ji ko da gaske ya gyara, domin kunne kullum abin da ya fi ƙara yake zaɓa.

Wannan halin kunne an daɗe da auna shi. A 1933, Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs a Amurka sun nuna cewa yadda muke jin bes da sautin sama yana canzawa gwargwadon ƙarfin ƙara. In ka ƙure hedfon, komai sai ya yi maka kamar ya cika. Ina tuna wata waƙa da na kwana ina haɗawa a farkon farawata, hedfon a ƙure, na kwanta ina murna. Da safe na kunna ta a waya, bes ya ɓace gaba ɗaya, muryar kuma ta nitse a cikin amsa-kuwwa har ban gane baitin farko ba. Raina ya ɓaci sosai, amma tun ranar nake haɗa sauti a ƙarar da zan iya yin hira a kanta ba tare da na ɗaga murya ba. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da bes mai zurfi, don haka ka riƙa gwada aikinka a waya da mota da kowace sifika ka samu. Ka kuma shigo da wata waƙa da kake so irin salon taka cikin manhajar, ka rage ta ta yi daidai da taka, ka riƙa sauraren su bi da bi. Kada ka damu da sai taka ta kai tasu ƙara. Dandamali irin su Spotify suna daidaita waƙoƙi wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, wadda ta wuce su sauke ta. Ka fitar da aikinka a WAV ka adana, MP3 na turawa ne kawai.

Akwai abin da nake roƙon ka da shi, don shekarunka 17 ne. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar disibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin disibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ka riƙa cire hedfon na minti 10 bayan kowace awa. In ka tashi daga aiki ka ji kunnenka yana wani siririn kuka, ƙarar ta yi yawa, gobe ka rage.

Ka sake ɗaukar waƙa ɗaya daga cikin tsofaffinka da bargo a baya, da tazarar taƙi, da kiɗa a sauke, ka ajiye ta kusa da ta farko ka saurara. In har yanzu ɗakin yana shiga, to kuɗinka ya tafi ga ƙaramin sawun-kad, na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, da makirufo na dainamik irin Shure SM58, wanda ake amfani da shi tun 1966. Ana rera masa ne dab da baki, shi ya sa ɗaki ba ya samun hanyar shiga sosai. In da saura, ka sayi hedfon mai rufaffen baya, don kiɗan da kake saurare kada ya riƙa zubowa cikin makirufo lokacin da kake ɗauka.