Amsa ga ɗan'uwana na Kaduna kan kiɗan samarin zango

Ɗan'uwa, gaisuwa mai yawa daga unguwar Nima a Akara, da fatan mutanen Tudun Wada suna lafiya. Ka ce ka saurari waƙoƙin samarinmu na Gana, ka ji jita da baitocin Tuwi, harshen Asante, har kana tambaya ko mun yar da kalangu ne. Wallahi ba mu yar ba.

Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Salaga da ke arewacin Gana. Da yaƙin 1892 ya watsa garin, sai suka bazu Kumasi da Akara da Karaki, suka yi maƙwabtaka da Asante da Dagomba. Su Dagomba ma suna da lunga, 'yar'uwar kalangu, suna kuma da goge. Yaron da ya tashi a zango yana jin Shata a shagon tela, ya fito titi ya ji highlife, kiɗan jita na mutanen Gana, a motar haya, duka biyun kuma a kunnensa na gida ne. Shi ya sa lokacin da ƙungiyar VIP ta taso daga Niman nan tana cuɗa Hausa da Tuwi a kiɗan hiplife, wato gamin highlife da hip-hop, mu ba mu ji baƙon abu ba.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne inda waƙar take farawa. A wajen waɗanda suka san hannunsu, amshi ake fara nema, layi ɗaya ko biyu. Mawaƙi ya kai wa mai kalangu, shi kuma ya saƙale shi a hammata, yana matsa igiyoyin yana saki har fatar ta furta maganar da hawa da saukarta. In kalangu ya kasa faɗin layin, to karin ya karya Hausar, sai a sake. Daga nan a gwada a gidan biki ko suna. Idan mata suka karɓe amshin ba tare da an koya musu ba, aka fara liƙi, waƙa ta samu. Sai bayan nan a shiga situdiyo a ɗora jita irin ta highlife da fiyano, a sa kirarin iyayen gida da Hausa, a bar baiti ɗaya da Tuwi saboda maƙwabta ma su taka.

Inda na yarda da kai guda ne, kuma yana ci mini rai. Wasu yara yanzu, don gudun biyan makaɗi, sai su ɗauko sautin kalangu a kwamfuta. Wannan ba ya lanƙwasa murya, ba ya kiran sunan kowa, bugu ne kawai. Na ji irinsa a waƙoƙin da ake yi can wajenku ma. Tsofaffin makaɗanmu suna nan da ransu a Sabon Zango na Akara da Kumasi, kuma duk yaron da ya zo neman gudummawata don shiga situdiyo, sharaɗina shi ne ya tafi da ɗayansu, ya biya shi haƙƙinsa.